Kafin a ɗaga bene, a tambayi ƙasa

 Maganar wannan mako a wurin wani ɗaurin aure na tsinto ta, inda Allah ya zaunar da ni tsakanin wani Alhaji mai shaguna a Babbar Kasuwar Yamai da wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin hanyoyi da gine-ginen gwamnati kafin ya ajiye aiki. Alhaji ya sayi fili a hayin kogi, yana so ya ɗaga bene hawa biyar, shaguna a ƙasa, ofisoshi da ɗakunan haya a sama. Ya ce magininsa ya tabbatar masa tushe mai zurfin metir ɗaya da rabi ya isa, domin haka aka yi wa wani bene irinsa a unguwar Plato, ga shi an fi shekara goma ko tsaga ɗaya babu. Dattijo ya yi shiru har aka shafa fatiha, sa'an nan ya ce: "Alhaji, a Plato filinka yake?" Alhaji ya ce a'a. Ya ce: "To ƙanena, ka ari tushen wani za ka kai shi ƙasar da ba tasa ba." Ya juyo ya dube ni ya ce: "Kai kuma ɗana, tunda rubutu ne sana'arka, je ka rubuta." Ga shi na rubuta.

Tambayar da masu gini suka saba yi ita ce: bene mai hawa kaza, metir nawa ake haƙa masa? Wannan tambaya ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya amsa ta bai ga filin ba, kuɗinku kawai yake so. Yawan hawa yana faɗin nauyin da za a ɗora. Inda za a sauke nauyin kuwa, da zurfin da za a kai kafin a sami mai ɗaukarsa, wannan hukuncin ƙasa ne.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce an jera ginshiƙan bene metir huɗu-huɗu tsakaninsu. Kowane ginshiƙi na tsakiya yana ɗauke da murabba'in metir 16 na kowane hawa. Kankare da bulo da daɓe da mutane da kayansu sukan kai wajen ton ɗaya da kwata a kowane murabba'in metir, wato ton 20 ke nan a hawa guda, nauyin buhun siminti 400. Hawa biyar, ton 100 bisa ƙafar ginshiƙi ɗaya. Injiniyoyinmu, da yake yawancinsu karatun Faransanci suka yi, da ma'aunin "bar" suke faɗin ƙarfin ƙasa, kuma bar ɗaya daidai yake da kimanin ton 10 a murabba'in metir. In ƙasa mai bar 3 ce, kamar marmara mai kyau, ginshiƙin nan yana bukatar tafi na kankare da bai cika metir 2 a kowane gefe ba. In mai bar 1 ce, kamar sakakken rairayi ko laka mai taushi, sai tafin ya wuce metir 3 a kowane gefe, har ya kusa taɓa na maƙwabcinsa. A nan ne ake haɗe su gaba ɗaya a zuba shimfiɗa guda mai kauri ƙarƙashin ginin duka, kamar tabarma. Dabarar raƙumi ce: inda kofaton jaki ke nutsewa cikin rairayi, shi da faffaɗan tafinsa sai ya wuce, ga shi kuwa ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba.

Amma faɗi yana da iyaka. Ku mai da benen nan hawa goma. Ginshiƙi ya koma ton 200, ƙasa mai bar 1 tana neman murabba'in metir 20, alhali 16 kaɗai ke akwai. Ko an shimfiɗe filin duka da kankare bai isa ba. Daga nan sai dai a nufi ƙasa: a haƙa ramuka masu zurfi, a sa ƙarfe, a zuba kankare, su zama turaku. Wasu turakun sukan sauka har su taka dutse. Wasu ba su kai dutse ba, ƙasar da ke kewaye da su ce ke riƙe su, kamar yadda turken doki ke ƙin tumɓukewa ba don ya taka wani abu ba.

Wanda ke shakkar cewa ƙasa ce mai hukunci, ya dubi manyan benayen duniya. Empire State na birnin New York, wanda aka gama a 1931, hawa 102 ne, tsawonsa metir 381, amma tushensa bai wuce wajen metir 17 ba, domin dutse yana kusa. Tagwayen benayen Petronas na Kuala Lumpur a Maleshiya, masu metir 452, sai da aka gusar da wurin gininsu da kimanin metir 60 saboda abin da haƙon gwaji ya nuna, kuma duk da haka wasu turakunsu sun wuce metir 100 cikin ƙasa. Burj Khalifa na Dubai, wanda ƴan kasuwarmu da yawa suka gani da idonsu, metir 828 ne, ya kusa ninka Petronas, amma turakunsa a wajen metir 50 suka tsaya. Da tsawo ne ke yanke zurfi, da wannan lissafi bai fito haka ba.

Akwai wani abu kuma da magini ba ya gani da ido, kuma shi ne ya fi ruɗin mutane. Nauyin gini ba ya tsayawa a fatar ƙasar da tushe ya taka. Yana ratsawa ƙasa har kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin tushen. Tafi mai faɗin metir ɗaya, ƙasar metir biyu kawai ta san da zamansa. Shimfiɗa mai faɗin metir 20 kuwa, har ƙasar da ke zurfin metir 30 ko 40 tana jin ta. Saboda haka ɓawon marmara mai kaurin metir ɗaya ko biyu yana iya ɗaukar gidan ƙasa shekara hamsin lafiya lau, ranar da aka ɗora masa babban bene sai nauyi ya ratsa shi ya tarar da lakar da ke kwance ƙarƙashi. Mai haƙa ya buga diga ta yi tartsatsi, ya ce "ƙasa ta yi kyau, Alhaji". Gaskiya ya faɗa game da abin da digarsa ta taɓa.

To, mene ne ke ƙarƙashin Yamai? Birnin nan bisa gaɓar ƙasa iri biyu yake zaune. A can ƙasa akwai tsohon dutsen Liptako, wanda ke leƙowa cikin kogi in ruwa ya ja baya. Waɗanda suka ga shekarar 1985, lokacin da kogin Isa ya daina gudu a Yamai, sun gan shi a fili. Saman dutsen nan ya ruɓe da daɗewar zamani ya koma farar laka, wani wuri siririya, wani wuri mai kauri ƙwarai. A gefen da Zabarmawa ke kira Hausa, wato gefen da mafi yawan gari yake, an sami jan dutse mai taushi da yumɓu sun hau bisa wannan, marmara ta rufe su, iska kuma ta zubo rairayi a kai. Wannan shi ne tudun da Plato da sauran unguwannin sama ke zaune a bisansa. Ba sai an je makaranta ba: wanda ya bi hanyar bakin kogi ta Yantala ko ta Gamkalle ya ɗaga kai ya dubi gangaren, zai ga ƙasar hawa-hawa kamar an yanka ta da wuƙa. Ni kaina a lise an koya mini sunayen duwatsun Faransa tun kafin wani ya nuna mini wannan gangare da nake wucewa kullum.

Gefen Gurma kuwa, wato Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni da makarantar ma'adinai ta EMIG da cibiyar Agrhymet suke, labarin dabam ne. Mafi yawansa kwance yake, ƙasar da kogi ya yi ta ajiyewa ce: yashi nan, tsakuwa can, laka a tsakani, tsofaffin hannuwan kogi da suka cike, ruwa kuma kusa. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970 mutane ke ƙaura can, gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021 suka ƙara wa filayen daraja. Irin wannan ƙasa ba ta da alkawari. Rami biyu da ke nesa da juna da metir 15 suna iya nuna abu biyu dabam, kusurwar gini ɗaya bisa tsakuwa, ɗaya bisa taɓo. Wannan kuwa shi ne mugun ciwo. Gini in ya nutse gaba ɗaya daidai wa daida, da sauƙi. In gefe ɗaya ya riga ɗaya, sai bango ya tsage a karkace, ƙofofi su ƙi rufuwa, ginshiƙai su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara a 1173 bisa tushen da bai wuce metir 3 ba, tun ana hawa na uku ta fara karkata domin ƙasar kudancinta ta fi taushi. Sai da aka rufe ta a 1990, aka yi ta aiki har 2001 kafin a sake barin mutane su hau. Su Italiya sun sami masu yawon buɗe ido da tasu karkatar. Mu ƴan haya za mu samu a ƙarƙashin tamu.

Kada mutanen gefen Hausa su ce sun tsira. Kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar gari ya faɗa kogi kusa da otel Gaweye. Shi ne Turawan mulkin mallaka suka mai da iyaka tsakanin unguwarsu ta Plato da garin baƙar fata. Shi da ƙananan ƙoramun da ke zuba cikinsa, gari ya cinye da yawansu, an cike, an yanka filaye, an sayar. Haka kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a dā, aka cika su da shara shekara da shekaru, yau suna da takardar mallaka da lamba kamar kowane fili. Cikon shara ba ya ɗaukar bene, ko ya shekara talatin yana kwance. Dole tushe ya ratsa shi ya kai ƙasar asali, ko da metir nawa ne. Mai sayen fili zai yi wa kansa alheri in ya nemi tsohon unguwa ya tambaye shi abin da ke wurin kafin zuwan gidaje. Na sha jin amsar: "Nan ai tafki ne, nan muke wanka muna yara."

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce ta fi kowace nauyi ga Yamai ta yau. Duk mai jan guga ya san tana da sauƙi muddin tana cikin ruwa, sai ta fito take nauyi. Haka ƙwayoyin rairayi suke: in ruwan ƙasa ya hau ya rufe su, nauyin da suke danne juna da shi ya ragu, ƙarfin ɗaukarsu yana iya faɗuwa da kusan rabi. Wani rairayin iska kuma, mai tauri da rani, yakan zube wuri guda da zarar ya jiƙa ƙarƙashin nauyi. Wata laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, tana ɗaga gini tana saukewa. Ashe ke nan ƙasar da aka auna a watan Afrilu ba lalle ita ce za a tarar a watan Satumba ba.

Kuma ruwan ƙasar yankin nan ba a tsaye yake ba. Masu bincike na cibiyar ORSTOM ta Faransa, wadda ta koma IRD, tare da ƴan'uwansu na Nijar, sun bi rijiyoyin gabashin Yamai shekaru da dama, suka tarar ruwansu ya hau da kimanin metir 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin shekarun nan ne aka yi manyan fari. Dalili shi ne sare dazuzzuka: ruwan sama ya daina tsayawa inda ya faɗi, yana gangarawa tafkuna, daga nan ya nutse. A cikin gari an ƙara da ruwan famfo da ake jawowa daga kogi kullum, wanda ƙarshensa bututu mai yoyo ne ko ramin wanka. Mazauna kwarin Gunti Yena ba su bukatar a karanta musu rahoto, domin sun ga tafkunan da ba su ƙafewa ko da bazara, sun ga gindin bango yana jiƙewa yana cin gishiri, sun ga gidajen da masu su suka bar wa kwaɗi.

Kogi ma ya sake hali. Iyayenmu sun san cikar da ke zuwa daga Gini da sanyin hunturu, a hankali. Yanzu jar cikar damina, wadda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga gefen Burkina, ita ce abin tsoro. An gan ta a 2010 da 2012, sa'an nan a watan Satumba na 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimetir 700, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da wasu unguwannin, a wannan gefen kuma Saga ta sha nata. Ruwan da aka gani a tsakar gida ya janye cikin makonni. Wanda ya shiga ƙarƙashin tushe ba wanda ya ga ranar fitarsa.

Abin da ake kira binciken ƙasa ba wani sihiri ba ne. Ana kawo na'ura irin ta haƙa rijiyar foraj, a huda wurare da dama cikin filin, a ciro ƙasar kowane zurfi a kai ɗakin gwaji. Ana kora sandar ƙarfe da guduma mai sanannen nauyi a ƙirga bugu nawa take sha kafin ta shiga. Akwai kuma na'urar da Bafaranshe Louis Ménard ya ƙirƙiro a shekarun 1950, wadda ake zurawa cikin rami a hura ta kamar mafitsara a ga yadda ƙasa ke turjewa. Ita ce aka fi dogara da ita a ƙasashe masu aiki da ƙa'idar Faransa. A bar bututu cikin rami ɗaya a riƙa duba hawan ruwa da saukarsa. Ƙasar nan tana da ɗakin gwaji na gwamnati domin hanyoyi da gine-gine, akwai kuma masu zaman kansu. Ga babban bene, kuɗin wannan aiki sau da yawa ba ya kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin. Kuma ba kullum yake ƙara kashe kuɗi ba: wanda filinsa ke bisa marmara mai kauri, binciken ne zai hana shi binne siminti da ƙarfe na banza don tsoro.

Manyan benayen da aka yi a dā, irin su El Nasr da Sonara da Gaweye, da waɗanda suka tashi gab da taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019, irin su otel Radisson Blu, ba su ne ke hana ni barci ba. Ayyuka ne na manyan kamfanoni da bankuna da masu inshora, waɗanda ba su sakin kuɗi sai sun ga takarda. Abin da ke damuna shi ne benen tsaka-tsaki, mai hawa uku zuwa shida, na ɗan kasuwa ko na ma'aikacin da ya tara ƴan kuɗinsa, wanda ake yi da magini da ɗan kwangila ba tare da kowa ya huda ƙasa ba. Ku ɗaga kai a kowace unguwa ku ga ƙarafan da aka bari tsaye bisa rufi suna jiran shekarar da ciniki zai yi kyau. An zuba tushen hawa biyu, bayan shekara biyar an ƙara na uku, ɗa ya gaji uba ya ƙara na huɗu. Tushe kuwa yana nan yadda aka zuba shi ranar farko. Tun ran gini, tun ran zane. Sa'an nan a mai da hawan sama ma'ajiyar kaya. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi tana ƙiyasta kilo 150 a murabba'in metir ga ɗakin kwana, 250 ga ofis. Buhunan shinkafa da aka jibga tsawon metir 2 sun kai wajen ton ɗaya da rabi, ninki goma ke nan na abin da aka yi wa ɗakin lissafi.

A nan maganar ta dawo kan ma'aikata, domin ba a ɗaga bene bisa doka sai da takardar izinin gini, kuma hannun ɗayanku ne ke sa mata hatimi. Wanda aka kawo wa zanen bene hawa biyar ba tare da sakamakon binciken ƙasa na wannan fili ba, na wannan fili nake cewa, ba na maƙwabci da aka sake wa suna ba, ya sani abin da yake sa wa hannu rabin gini ne, rabin da ake gani. Na san matsin da ke zuwa: mai gini babban mutum ne, ya san wane, damina ta kusa, siminti zai tashi. Amma sau da yawa ma'aikaci ɗan'uwanku ne zai kama hayar hawa na uku da matarsa da ƴaƴansa, kuma shi ba a nuna masa ko takarda ɗaya.

Na sake gamuwa da Alhaji bayan sati uku a bakin shagonsa. Ya ce maganar dattijon ta hana shi sakat, har ya sa yara suka haƙa rami a kusurwar filin ta wajen kogi don ya gani da idonsa. Metir ɗaya na farko yashi ne mai kyau. Daga nan baƙar laka ta fito, wadda in an matsa ta a hannu take fita ta tsakanin yatsu. Ba su kai metir biyu da rabi ba suka tashi don dare ya yi, da safe suka tarar ruwa ya kwanta a ramin har gwiwa, ga shi kuwa rabon garin da ruwan sama wata huɗu. Ya aika a kira masu na'ura. Magininsa, in ji shi, har yanzu yana nan kan bakansa cewa metir ɗaya da rabi ya isa.